Dutsen Kabarin Cleveland Threlfall

Shekara guda cif da binne Baba, ƙanena Linval ya sauka daga Ingila da akwatuna biyu da wata takarda a cikin gilashi. Ginin kabari ya kawo shi. A nan tuddan Clarendon ba ma ɗora wa mamaci siminti ranar da aka binne shi. Sai ƙasa ta kwanta, ruwan sama ya bi ta kanta ya sake bi, sannan dangi su taru, a yanka akuya, a gina kabarin, a kafa dutse mai sunan mamacin da sunayen 'ya'yan da ya bari. Asabar aka sa. Linval ya iso ran Litinin.

Ni ce Icilda, babbar 'yar gidan, kowa Icy yake ce mini. Shekarata hamsin da takwas, tara daga ciki a jinyar Baba suka tafi, tun ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya mutu. Da ya rasu ban yi kuka ba. Mutane suka yi ta yaba mini ƙarfin hali, na bar su, don ban ga amfanin gaya musu cewa ba komai a ciki ba ne. Ina cin abinci, ina zuwa coci, ina ba kaji tsaba. In an yi abin dariya nakan ga bakin mutane ya buɗe, sai ni ma in buɗe nawa.

Filinmu ba shi da takarda. Tun zamanin kakannin kakanni haka yake, ba a sayarwa, ba a rabawa. Duk wanda sunansa ya fito a kan dutsen uwarsa ko ubansa a maƙabartar da ke bayan gida, yana da wurin kafa ɗaki da wurin kwanciya ta ƙarshe. In 'yan'uwa suka yi rigima a kan wane ne ɗan gida, ba lauya ake nema ba, gangarawa ake yi a karanta duwatsu. Ni a gidan nan na tashi, ba ni da wani wurin. Saboda haka abin da za a sassaƙa a dutsen Baba ba ƙaramar magana ba ce gare ni, ko da yake a lokacin ko babbar magana ma ba ta taɓa ni sosai.

Baba ba a cikin layin dangi yake kwance ba. Tun yana da lafiya ya gaya wa fasto, ya gaya wa duk mai kunne, cewa a gindin lemun tsamin da ke can gefe za a sa shi. Wata tsohuwar bishiya ce gajeriya mai ƙaya, guguwa ta kayar da ita sau biyu tana sake tohowa. Kullum da safe in ya gama aski, can yake kai ruwan ya zuba. Da ya kwanta ciwo aikin ya dawo kaina. In na gama yi masa wanka sai ya dinga buga ƙarfen gado da hannunsa mai rai, yana nuna ƙofa, har sai na ɗauki baho na wuce kicin, na gangara tudu, na juye a gindin lemun. Ranar da na gaji na watsa ruwan a bakin ƙofa, ya kulle baki ya ƙi cin abinci har magariba. Shekara tara ina wannan hawa da gangara, ina ƙunƙuni, ina ce masa tsufa bai rage masa taurin kai ba.

Linval ko takalmi bai cire ba ya jingina gilashin nan a kan tebur. Shekara talatin da uku yana tuƙa bas a Wolverhampton, kuma tun da ya yi ritaya ya rasa abin yi, sai ya kama bin diddigin sunanmu. Mutum ne mai son abu ya tafi a kan layi. Ko yana yaro, in aka ba shi gyaɗa sai ya jera ta kafin ya ci.

"Yaya, kin san ma'anar Threlfall?" ya ce.

"Na san ma'aikacin gidan waya bai taɓa faɗarsa daidai ba."

"Zauna ki ji. Har wurin na je da ƙafata, a Lancashire. Ba gari ba ne ma, 'yan gonaki ne da tumaki da sanyin tsiya. Sunan ya haura shekara ɗari bakwai. Wasu mutane ne suka zo da jiragen ruwa daga can arewa suka zauna a ƙasar, da harshensu aka raɗa shi. Rabin farko bawa yake nufi. Rabin ƙarshe kuma wurin da aka sare itatuwa aka mai da shi gona. Gonar da bawa ya sare ke nan."

"To."

"To kawai? Yaya, Turawan da suka mallaki kakanninmu, su ma sunan bawa suke yawo da shi. A bakin shingen gonar nan na tsaya, Allah ya sani, sai da na yi hawaye."

Na dube shi na ga da gaske yake, idonsa har ya sake kawo ruwa. Na ji sha'awar yadda hawaye ba ya yi masa wuya. Na ce masa shinkafa da wake na kan wuta, in ya ga dama ya wanke hannu.

Washegari da hantsi ya same ni ina sheƙar masarar kaji. Ya daɗe yana kewaya ni, yana tambayar wace kaza ce ke ƙwai, sannan ya zaro wata takarda daga aljihun rigarsa. Wannan ba ta cikin gilashi. Ya ce da yana haɗa jerin dangi ya aika aka kwafo masa takardun haihuwar kowa, nasa da na Baba da na Mama da nawa.

"Akwai kuskure a taki," ya ce. "An rubuta Icilda Gayle, sunan gidan su Mama. Wurin sunan uba kuma ba komai."

"Ba kuskure ba ne."

Ya tsaya da takardar a hannu. Na ci gaba da sheƙa, na gaya masa abin da kowa a tudun nan ya sani, ban da shi. Mama ta tafi aikin gida a Kingston tana budurwa, ta dawo da jaririya 'yar kwana shida, ba ta faɗi sunan kowa ba. Baba ya aure ta kafin in iya zama. Ya kai ni makaranta ya ce a rubuta Threlfall, aka rubuta, shi ke nan. Ni agola ce. Kakarmu, uwar Baba, ba ta taɓa barin in manta ba. In ta ga yana gyara mini takalmi sai ta ce, ba da kowa ba, tsintacciyar mage ba ta mage.

Akwai abin da ban gaya masa ba, don bai tambaya ba. Kowane ɗan gidan nan yana da bishiyarsa. In cibiyar jariri ta faɗi, uba ke binne ta a filin gado ya dasa itace a kai, itacen ya zama na yaron, ba mai sare shi muddin yana raye. Kwakwar ƙofar gida ta Linval ce. Mangwaron bayan kicin na Baba ne, fiyar da ke kusa da tankin ruwa ta yayarsa ce, Gwaggo Vashti. Ina da shekara goma sha biyu na tambayi Mama ina tawa. Tana guga, ba ta ɗago ba, ta ce cibiyata tana Kingston, in ina so in je in nema. Ban sake tambaya ba.

"Me ya sa ba wanda ya gaya mini?" Linval ya ce.

"Kai ma ba ka tambaya ba, Bature."

"Yaya, ni ba abin da ya canja a wurina. Ke yayata ce har gobe." Ya ninke takardar, ya buɗe, ya sake ninkewa. "Amma dutse ba abin wasa ba ne. Shekara ɗari nan gaba wani zai zo ya karanta, kamar yadda na karanta na Lancashire. Ba na son in sa a sassaƙa abin da takarda za ta ƙaryata. Ga shawara. A sa 'ɗansa Linval', a ƙasa kuma a sa 'da Icilda Gayle, wadda ta yi jinyarsa'. Ai girmamawa ce."

"Kamar 'yar aiki."

"Haba, Yaya."

"Bar shi kawai. Sa naka."

"Gidan nan naki ne muddin ina numfashi."

Na ce na gode. Linval yana shan ƙwayar hawan jini uku kowace safiya, na gani da idona, kuma 'ya'yansa uku ba wanda ya taɓa taka tudun nan. Ranar da ya rufe ido, wani ɗan kawu zai gangara ya karanta dutse, ya hau ya tambaye ni yaushe zan kwashe kayana. Na san wannan sarai. Na nemi tsoro a cikina ban samu ba, na nemi fushi ban samu ba. Abin da na samu gajiya ce, sai na tashi na watsa wa kaji masara.

Ran Laraba ya tafi May Pen wurin mai sassaƙa, ran Juma'a da safe mota ta kawo dutsen a naɗe cikin tsohon bargo. Baƙi ne mai sheƙi. Cleveland Threlfall, ranar haihuwa, ranar rasuwa, aya guda daga Zabura, sannan "ɗansa Linval". A can ƙasa da ƙananan baƙaƙe ya sa an rubuta ma'anar sunan. Na karanta daga sama har ƙasa, na ce ya yi kyau. Ya yi kyan kuwa.

A ranar ne Maas Ferdie magini ya zo awo; Maas muke ce wa duk dattijo a nan. Shi ya gina rabin kaburburan tudun nan, kuma yana magana da matattu kamar yadda yake yi da masu rai, sai dai ya fi ladabi da matattun. Ya zuba 'yar giyar rake a ƙasa, ya ce, "Maas Cleve, gafara dai, za mu ɗan dame ka," sannan ya ja igiya. Linval kabari mai faɗi yake so, da matakala biyu da tayil. Igiyar ta zo ta tsaya a jikin lemun tsamin.

"Ɗan Ingila, ko ka rage buri, ko bishiyar nan ta tafi," Maas Ferdie ya ce. "Saiwarta ma za ta fasa mini aiki kafin shekara biyar, a ce Ferdie ya tsufa."

"A sare," Linval ya ce.

"Sannu, mai umarni. Ni ba na sa adda a itacen filin gado sai na tambaya." Ya juyo gare ni. "Miss Icy, ke ce 'yar gida. Lemun nan na wani ne?"

"Ba na kowa ba ne," na ce. "Tsiro ne kawai. Baba ne ya ɗora masa rai."

Addar Maas Ferdie ta dakushe, sai na hau gida na ɗauko ta Baba, na wasa ta a dutsen bakin kicin, na kawo masa. Bai fi sara goma sha biyu ba ta kwanta. Ta cika da 'ya'ya a lokacin. Na ga asara ce a bar su, ga baƙi gobe, sai na zauna a ƙasa na tsinke su duka, ƙaya na sukar hannuna, na cika bokiti biyu. Kututturen ya ƙi tumɓukuwa, Maas Ferdie ya ce a bar shi, gobe zai malale shi da siminti a ƙarƙashin matakala.

Asabar tun da safe gida ya cika. Maza na kwaɓa siminti suna gardamar wasan kurket, mata na kan farfesun kan akuya da tukunyar shinkafa, ni kuma na matse lemun nan da sukari a babban bokiti, kowa na ɗiba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka kawo Gwaggo Vashti daga gidan 'yarta a Chapelton. Shekararta casa'in da ɗaya, ƙafa ta tafi, ido ya rage, baki kuwa yana nan yadda Allah ya yi shi. Aka zaunar da ita a baranda, na ba ta lemun a kofi.

Linval ya ga jama'a ta taru, ya ɗauko takardarsa ta cikin gilashi ya tsaya a kan matakalar baranda ya karanta. Ya yi bayanin jiragen ruwa da bawa da gonar da aka sare. Ya kawo wani Threlfall da aka rubuta a littafin haraji, da wani da ya yi limancin coci, da wanda ya sayi gonar rake a kwarin da ke ƙasanmu. Aka tafa masa. Gwaggo ba ta tafa ba, kofi ne a hannunta.

"Ɗan Ingila," ta ce, "duk wannan kuɗin jirgi ka kashe don ka gano wa Bature kakansa?"

Aka yi dariya. Linval ya ce, "Gwaggo, ai sunanmu ne."

"Namu ne, amma ba ta can ya zo mana ba. Matso, in ba ka wanda ba a sa a gilashi. Threlfall ɗin da kake faɗa ko ƙasar nan bai taɓa takawa ba, wakili yake aikowa. Da aka ce bauta ta ƙare, fasto ya sauka rafi ya yi wa mutane baftisma, wajen sittin a wuni ɗaya. Littafinsa na son suna biyu, su kuwa ɗaya ɗaya gare su. Ya ɗaga kai ya ga abin da ke rubuce a ƙofar gonar, ya bi layi yana rubutawa. Wannan Threlfall, wancan Threlfall. Wasu ko harshen juna ba sa ji. Kakata ta ce akwai mutum biyu da suka shiga ruwa suna gaba, suka fito 'yan gida ɗaya."

"To ai jini dai..." Linval ya fara.

"Jinin wa? Phibba ce ta sare tudun nan da hannunta, ita ce uwar gidan nan. 'Ya'ya bakwai ta raina, uku kaɗai ta haifa, sauran iyayensu an sayar ko sun mutu. Je ka karanta dutsenta, duka bakwai suna kai. Ta binne cibiyar wanda ta samu, wanda ba ta samu ba ta yanki gashinsa ta binne. Zanen aro ne sunan nan, yaro, mu duka. Ƙasa ce ta mai da shi namu." Ta kurɓi lemun ta lashe baki. "Wannan na bishiyar Cleve ne, na san ɗacinsa. Ku kai ni in ga ƙanena."

Maza biyu suka ɗauke ta da kujerarta suka gangara. Na bi su da bokiti, don masu aiki na jin ƙishi. An riga an zuba jikin kabarin, an kafa dutsen, saura matakala. Katakon awo ya kewaye kututturen, Maas Ferdie na tsaye da shebur cike da siminti. Aka ajiye Gwaggo. Ta dubi dutsen, ta dubi sama inda inuwa ta saba kasancewa, sannan ta sauke ido ƙasa.

"Wa ya sare?" ta ce.

Ba ta ɗaga murya ba, amma Maas Ferdie ya ajiye shebur. "Na tambaya, Miss Vashti. Allah ne shaidata, na tambaya."

"Ni na ce a sare," na ce. "Ba ta kowa ba ce."

Ta juyo gare ni. "Bai gaya miki ba," ta ce. Ba tambaya ba ce. "Shekara hamsin da takwas, mutumin nan bai buɗe baki ba. Da na ga inda ya ce a binne shi, na ɗauka kin sani."

"Sani me, Gwaggo?"

"Da uwarki ta dawo daga Kingston, ɗakina ta sauka, don gidansu sun rufe mata ƙofa. Kwana biyu da zuwanku cibiyarki ta faɗi a kan gadona. Uwarki ta ce in jefar. Na ƙulle a ƙyalle na ajiye, ban san dalili ba. Cleve ya zo da yamma, lokacin ko maganar aure ba a yi ba, ya leƙa ki, ya ce mini, Yaya, ba ni abin nan. Na ce ba taka ba ce. Ya ce ya sani, ai yana iya lissafin wata."

Ba wanda ya motsa. Can sama wani na ta kiran a kawo gishiri.

"Uwarmu ta rantse cibiyar bare ba za ta shiga ƙasarta ba," Gwaggo ta ci gaba. "Shi ya sa bai dasa a tsakar gida tare da namu ba. Ya zo nan gefe inda ba ta zuwa, ya haƙa da wannan addar da kike ajiye da ita, ya sa, ya dasa lemu, don ya ce ba wanda zai zargi lemu. Ni na riƙe masa dashen. Ya ce kada in faɗa muddin tsohuwa na raye. Tsohuwa ta mutu, na ce sai ka gaya wa yarinya. Ya ce zai faɗa. Kin san Cleve da magana. Ni kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na riƙe, na riƙe har na wuce wuri."

Na dubi kututturen. Fari ne a inda adda ta ci, ya fara yin ja a gefe. Ƙudaje biyu na kai. Na tuna na bar murfin bokiti a sama, ƙura za ta shiga lemun. Abin da na tuna ke nan.

Linval ne ya fara motsi. Ya tsuguna a gaban dutsen da wandonsa mai kyau, ya shafa wurin da aka rubuta "ɗansa", kamar zai goge da yatsa. Bakin alƙalami ya bushe, dutse ba ya karɓar gyara. Ya juya ya ce, "Maas Ferdie, simintin saman nan ya kama?"

"Kana da kamar minti goma sha biyar."

"Ba ni ƙusa."

Aka ba shi. Ya durƙusa ya fara rubutu a ɗanyen simintin, daidai ƙarƙashin dutsen, a hankali, harshensa a waje kamar ɗan makaranta. Mutumin da ke jera gyaɗa, ga layinsa ya karkace. Ya rubuta "'yarsa ta fari, Icilda Threlfall". Da ya gama ya bi kowane harafi ya ƙara masa zurfi. Yana yi yana kuka, hawaye na ɗiga a aikin Maas Ferdie.

"Ba za a sa tayil a nan ba ke nan," Maas Ferdie ya ce daga baya.

"Kada a sa."

"Matakala fa?"

Duk suka dube ni. Na ce ya janye katakon, ya bar kututturen a waje. Ya ce kabarin zai fito da gefe ɗaya a gutsure, ba zai yi kyan gani ba, kuma mutane za su ce Ferdie ne. Na ce in sun tambaya ya turo su wurina. Ya janye.

Aka ci akuya, aka yi waƙoƙin coci, fasto ya yi addu'a. Mutane suka yi ta zuwa suna dafa kafaɗata, ina cewa na gode. Gwaggo da za a ɗauke ta ta kama hannuna ta ce in yafe mata. Na ce ba komai, kuma ba ƙarya na yi ba, don ban ji komai ba. Na wanke tukwane, na mai da kujerun coci, na rufe kaji. Gidan ya zama nawa har in mutu, wurin kwanciyata ma ya tabbata. Na faɗa wa kaina wannan sau biyu ko uku, kamar mai karanta wasiƙar wani.

Washegari da sassafe, kafin Linval ya tashi, na farka a lokacin da na saba. Na hura wuta na ɗora ruwa, na sirka a baho, na taɓa da gwiwar hannu na ji ya yi daidai. Sai da na ɗauka na tuna ba wanda zan yi wa wanka. Wannan ya sha faruwa da ni a shekarar nan, nakan juye ruwan a tukunya in ci gaba da harkata. Ran nan ƙafata ta wuce kicin da kanta, ta gangara tudu.

Simintin ya bushe, sunana ya kama. Na tsaya a gaban kututturen da baho a hannu, sai na ji ƙarar ƙarfen gadon nan a kunnena, na ga hannunsa ɗaya yana nuna ƙofa. Shekara tara ba shi da baki, kowace safiya yana aika ni nan, ni kuma ina ce masa mai taurin kai.

Na juye ruwan a hankali don kada ya kwashe ƙasar. Sannan na zauna a gutsurarren gefen kabarin, na kife bahon a cinyata, na ce, "Baba, na ji." Kukan da ya zo bayan haka ban san ina da shi ba. Linval ya ce har cikin ɗaki ya jiyo, ya fito, ya hango ni, ya koma ya ɗora shayi.